Mijina Ya Ba Muguwar Ninja Fuskata

Zuwa ga Malama Shizue, mai shafin ba da shawara,

“Ni Tokuji na yi alkawari ba zan taɓa saka Michiyo a takarda ba. Ba fuskarta, ba maganarta, ba tafiyarta, ko ina ƙoshi ko ina yunwa.”

Haka mijina ya rubuta shekara ashirin da bakwai da suka wuce, a bayan wata takardar zane da ya ɓata, ya danna hatiminsa da jar tawada a ƙasa. Takardar tana nan cikin babban ƙamus ɗina, ko lanƙwasa ba ta yi ba. Ranar shida ga wannan wata na Oktoba ya karya alkawarin nan a gaban duk wanda ke sayen mujalla a ƙasar nan. Ki taimake ni, Malama, don yau kwana goma sha ɗaya ke nan ban san ko shaƙe shi zan yi ko jar shinkafar murna zan dafa masa ba.

Sunayen da na sa ba namu ba ne, ko da yake ɓoyewar ba ta da wani amfani yanzu. Mijina mai zanen manga ne, wato labarin da ake bayarwa cikin zane-zane. Shekara goma sha ɗaya yana jan labarin ninja guda ɗaya a wata mujalla mai fitowa wata-wata, kuma masu talabijin suna biye da shi a baya, suna mayar da littattafan fim ɗin zane. Ni ma'aikaciyar ɗakin karatu ce a nan Kanazawa, shekarata hamsin da huɗu. Na karanta littattafan da in aka ɗora su a kan rufin gidanmu sai ya rufta, amma sai da na zama ta ƙarshe a unguwarmu da ta gane abin da ke faruwa a kan teburinta.

Bari in gaya miki yadda muke aiki, don a nan cutar take. Har yau da hannu yake zane, a takarda. Ya tsani kwamfuta kamar yadda ya tsani likitan haƙori. In ya gama shafi da alƙalami, duk inda yake so ya zama baƙi ƙirin, gashi ne, riga ce, inuwa ce, sai ya sa ɗan gicciye da fensir a wurin ya miƙo mini. Ni nake cikewa da buroshi da tawada, da yamma in na dawo daga aiki, da kuma ranakun hutuna. Labarin ninja kuwa rabinsa baƙi ne, mutanen nan ba su san farar riga ba. In aka matse tawadar da na shafa a shekarun nan za ta cika bahon wankanmu. Haka kuma ni nake fara karanta daftarin kowane babi, lokacin da mutanen ciki duk ƙwallaye ne marasa fuska, in gyara masa maganar da ta yi tsawo. Sunana bai taɓa fitowa a littafi ko ɗaya ba. Ban nema ba. Ina son hakan, ko kuma haka na daɗe ina gaya wa kaina.

Alkawarin nan ba shagwaɓar amarya ba ce. Kafin mu yi aure ya saka yayarsa a wani zanen barkwanci, ya yi mata ƙaton hanci da baƙin kwaɗayi. Mutane suka yi dariya wata uku suka manta, ita kuwa ta yi shekara tara ba ta ce masa ko sannu ba. A jana'izar mahaifinsu ma can ɗaya gefen ta zauna. Na ga wannan da idona, shi ya sa da ya zo neman aurena na ce masa ni ban damu da ɗakinsa mai warin taba ba, ban damu da aikin da ba shi da tabbas ba, abu ɗaya nake so a rubuce. Ya rubuta.

Shekara biyu da suka wuce ya faɗi a bakin ƙofa yana ƙoƙarin sa takalmi. Shanyewar ɓarin jiki, kuma ɓarin dama. Ya rayu, bakinsa ya dawo, ƙafarsa ta dawo, hannun ya ƙi. Mai gashin ƙashi a asibiti ta ce a riƙa sa shi tsintar waken soya da tsinken cin abinci, daga wannan kwano zuwa wancan, guda hamsin safe da yamma. Ya yi kwana uku ya ce ya gaji, shi a bar shi ya mutu. Ni kuwa ban aure shi don in bar shi ya mutu a kan wake ba. Na ja kujera na zauna a gabansa. In ƙwaya ɗaya ta faɗi sai in juye kwanon duka in ce, “Sake.” Ya zage ni, ya yi kuka, ya taɓa jifan bango da kwanon. Na share, na tsince, na ce, “Sake.” Wata goma sha huɗu muna haka.

Ya koma zane a farkon shekarar nan. Ba zan yi miki ƙarya ba, babi biyun farko matattu ne. Layin yana nan daidai, amma babu kowa a cikinsa. Editansa, wani mai ladabi da ake kira Kurahashi, ya riƙa bugo waya daga Tokyo yana cewa, “Malam, a hankali dai, masu karatu suna jira,” da irin muryar da ake yi wa mutum ta'aziyya. Tokuji ya fi kowa sani. Ya rage cin abinci.

Sai ga Hibashi. Ba ita ce babbar muguwar labarin ba, ko kusa. Baiwar bawan babban mugun ce, an ajiye ta tana gadin wata gadar igiya a kan dutse, makaminta tsinken ƙarfe biyu irin na ɗaukar garwashi. Baƙin ƙyalle ya rufe mata fuska, hula ta rufe idon, baƙar riga har ƙasa. Babi uku kawai aka ba ta. Ta kama abokin jarumin, wanda hannunsa ya karye, ta ɗaure shi a bukkarta, ta sa shi tsintar tsakuwa da tsinken ƙarfe daga kwano zuwa kwano. In ɗaya ta faɗi ta juye duka. Kin riga kin san kalmar da take faɗa. Ni da na karanta daftarin, kin san abin da na ce masa? Na ce, “Wannan ce mace ta farko mai hankali da ka taɓa zanawa.” Ya yi tari ya ce zai je ya sha ruwa. Digirina na adabi yana rataye a bangon ɗakin yana kallona.

Amma ina da uzuri, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na rubuto miki. A watannin nan uku hankalina ba ya kan takarda, yana kan wani kallo da mijina ya fara yi mini. Ina yanka kabewa, in ɗago, in gan shi ya kafe ni da ido, baki a ɗan buɗe, kamar yadda mutum ke kallon baƙo a jirgin ƙasa yana tunanin a ina ya san shi. In ce, “Lafiya?” sai ya yi firgigit ya ce ba komai. Wata rana ya ce in juya hagu, na juya, ya ƙare mini kallo, sannan ya ce ya manta abin da zai ce. Malama, mahaifiyata ta yi shekara shida tana ciwon mantuwa kafin ta rasu, kuma da wannan kallon ta fara. Na san shi. Daga shi sai ranar da ta tambaye ni ko ni ce sabuwar mai aiki.

Ban gaya wa kowa ba, har 'yarmu Haruka da ke aure a Sendai. Na ɓoye mukullin mota na ce ya ɓata. Na riƙa yi masa jarrabawa a fakaice: yau wace rana, me muka ci jiya, ya sunan karen maƙwabta. In ya amsa daidai in ce ai Mama ma haka ta riƙa yi da farko. Na je na duba gidajen kula da tsofaffi guda biyu, na tsaya a bakin ƙofar ɗaya na kasa shiga. Daga ƙarshe na nemo masa ranar hoton ƙwaƙwalwa na ce masa likita ne ya ce a sake dubawa. Duk wannan lokacin ina zaune ina shafa wa Hibashi baƙar rigarta, ina cike mata ƙyallen fuska da hannuna, wani lokaci hawaye na ɗiga sai in goge da sauri kada ya ɓata shafin.

A babinta na uku jarumin ya zo ya sare ta, ƙyallen ya faɗi, ta faɗa rami. Na san da haka tun a daftari, amma fuskar ƙwallo ce kawai. Shafin da fuskar ta bayyana bai biyo ta teburina ba. Ya ce duk dusar ƙanƙara ce a ciki, babu baƙin da za a cike, ya riga ya aika.

Ni nake buga wa mujallu hatimin ɗakin karatu in sun iso da safe. Ranar shida na buɗe tamu, don na saba duba ko baƙina ya fito sumul. Na juya shafi, sai ga ni. Shafi guda cur. Tawadar Allah da ke ƙarƙashin idona na hagu. Girar nan ɗaya da ke ɗagawa in an faɗi maganar banza. Layi biyun da ke gefen bakina, waɗanda ba ni da su kafin ya kwanta ciwo. Har haƙorina na ƙasa da ya ɗan hau kan ɗan'uwansa.

Kin san abin da na fara yi? Na zauna a kan keken tura littattafai, na yi ta dariya ina kuka har abokiyar aikina ta kawo mini ruwa. Mutumin da ke manta fuskar matarsa ba ya zana wannan. Ba mantawa yake yi ba, haddacewa yake yi. Duk kallon nan na wata uku, ɗan banzan aiki yake yi! Kwana biyu bayan haka likita ya nuna mana hoton ya ce babu wani sabon abu, ƙwaƙwalwar tana nan garau. Tun daga ranar nake barci kamar jaririya, abinci ya dawo da ɗanɗano, har waƙa na ji kaina ina yi a wurin shanya. Ban taɓa sanin nauyin da nake ɗauke da shi ba sai da aka sauke.

To da yake yanzu na tabbata ba mutuwa zai yi ba, kuma ba zai manta abin da zan faɗa masa ba, sai na samu sararin yin fushi. Kafin motar haya ta kai ni gida daga aiki a ranar shidan nan na riga na cika na batse. Na ajiye mujallar a gabansa, na ɗauko takardar cikin ƙamus na ɗora a kai. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Maman Haruka, wallahi na gwada fuska ashirin. Hannun ne ya ƙi kowa sai ke.” Na ce, “To da ƙafa ka danna hatimin?” Tun daga nan sai sannu da sannu muke yi, yana lallaɓawa a cikin gidansa kamar ɗan haya. Jiya har kwanuka ya wanke, ya fasa ɗaya.

A waje kuma abin ya zama wasa. 'Yan makaranta suna zuwa ɗakin karatu, ba don karatu ba, su laɓe bayan kanta, in na wuce in ji an ce “Sake!” a fashe da dariya. Mai kifin da na yi shekara ashirin ina saye a wurinsa ya ce, “Uwargida, yau ba ki zo da tsinken ƙarfen ba? Bari in zaɓo miki mai kyau kada a ce in sake.” Kurahashi kuwa ya taso takanas daga Tokyo da kwalin alewa, ya durƙusa a tabarmarmu, goshi kamar zai taɓa ƙasa, yana ba da haƙuri da baki ɗaya yana murna da ɗayan. Wai katunan ra'ayin masu karatu sun sa Hibashi ta uku, ta wuce har malamin jarumin. Wai tun da ba a ga gawarta ba ana iya dawo da ita. Wai masu talabijin suna tambaya ko Uwargida za ta yarda mai yin muryar ta zo ta ji yadda take faɗin kalmar. Na ce masa ya sha shayinsa kafin ya huce, jirgin ƙarfe huɗu ba ya jira.

Don Allah kada ki rubuto mini cewa ƙauna ce. Na san dabarar, na karanta ta a littattafan da suka fi nasa. Na lura cewa yaron da Hibashi ta azabtar ya fita daga bukkarta yana iya riƙe takobi. Na gani, ba makauniya ba ce ni. Amma wanda yake so ya gode wa matarsa yana da baki, kuma ni na biya wata goma sha huɗu na rayuwata don bakin nan da hannun nan su dawo. Ba sai ya sa ni na shafa wa kaina baƙin ƙyalle wata uku, ina zaune taku biyu daga gare shi, bai ce uffan ba. Sannan ki dubi mutuwar da ya ba ta! Sara ɗaya. Jarumin bai ko tambayi sunanta ba, ya goge takobinsa ya haye gadar da ta yi shekaru tana gyarawa, ita ke ɗaure igiyoyin, ita ke canza katakon da ya ruɓe, an nuna wannan a babinta na farko. Kowa ya bi ta kan aikinta ya wuce. Ko waiwaye babu. Shafi na gaba suna cin dankali gasasshe suna raha.

Ga inda muke. Mujalla takardar banza ce, wata mai zuwa za a ɗaure ta da igiya a ajiye wa masu kwasar shara. Amma littafi yana zama. Babobin nan za su shiga littafi na ashirin da uku, kuma kowa ya san mai zane yana da damar gyara shafi kafin a haɗa littafi. Abin da ya shiga littafin shi masu talabijin za su bi. Kuma ni, da hannuna, zan manna masa lamba in jera shi a kanta, in riƙa ba da aronsa har in yi ritaya. Na ce masa ya canza fuskar. Ya ce hannunsa ba zai iya wata ba. Abin da ke hana ni sakat shi ne ina jin tsoron gaskiya ya faɗa. Shafin nan shi ne mafi kyawun abin da ya zana tun da na san shi. In na tilasta masa ya goge, hannun ya koma ya mutu, ni na kashe abin da na raya? In kuma na yi shiru, to takardar da ke cikin ƙamus ɗina mece ce, abin sa alama a shafi?

Ranar goma sha huɗu ga Nuwamba shafukan za su tafi maɗaba'a. Na ba shi zuwa ranar. In fuskata ta tafi tare da su, zan wanke buroshina in ajiye masa a kan teburi, in hau jirgi zuwa tsibirin Shikoku in zaga wuraren ibadarsa tamanin da takwas a ƙafa, abin da nake cewa zan yi tun ina da shekara talatin. Kwana arba'in da biyar ne, ko hamsin da irin gwiwata. Hutuna ya taru, na sayi farar riga da sanda, takalmin ma na fara taka shi zuwa wurin aiki don ya saki. Ya nemi wanda zai cike masa baƙinsa. In na dawo sai in ga ko ina da sauran abin faɗa masa.

Mai Cike Baƙi, Kanazawa

*

Zuwa ga Mai Cike Baƙi,

Da farko, barka da arziki. Wata uku kina binne mijinki a zuci ke kaɗai, sai aka dawo miki da shi da ransa da hankalinsa har da rashin kunyarsa. Ki dafa jar shinkafar nan. Ba sai kin fasa fushi kafin ki dafa ba, tukunya ba ta tambaya.

Kin ce kada in ce ƙauna ce, to ba zan ce ba. Zan ce ya yi laifi, kuma ciwo ba ya goge hatimi. Alkawarin bai ce sai in yana da lafiya ba, shi da kansa ya rubuta ko yana yunwa. Laifin ma kashi biyu ne, na biyun ya fi girma: ya san abin da yake yi, shi ya sa ya karkatar da shafin daga teburinki. Wanda ya ɓoye ya san ba a yarda ba. Fuskarki taki ce. In kin ce a cire, a cire, ko katin ra'ayi ya cika buhu goma.

Yanzu nasa ɓangaren. Na yarda da shi da ya ce hannun ya ƙi kowa sai ke. Mutumin da ya yi wata goma sha huɗu ba ya ganin komai a sama da kwanon wake sai fuska ɗaya, ba abin mamaki ba ne in ita ce ta fara fitowa da alƙalami ya dawo. Kuma a ganina tsoro ne ya hana shi tambaya, ba raini ba. Ya san za ki ce a'a, ya kuma san in kin ce a'a ba shi da wani abu a hannu. Wannan bayani ne, ba wanki ba. Sannan ki tuna akwai abin da shi ma bai sani ba. Bai san kin ɓoye mukullin mota ba, bai san kin tsaya a ƙofar gidan tsofaffi ba, bai san dalilin hoton ƙwaƙwalwa ba. Yana zaton fuska kawai ya ara. Bai san ya ci miki wata uku na barci ba. Ku biyu kun zauna taku biyu da juna kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa abu, kowa yana ganin tausayi yake yi. Ki gaya masa naki, duka, a makon nan. Haƙurin da zai ba ki bayan ya ji wannan shi ne na gaske. Wanke kwanuka ba haƙuri ba ne.

Game da tsoronki kuwa, ki kwantar da hankali. Hannun da ya zana shafin nan ya riga ya zana shi. Gyara a littafi ba zai shiga cikin yatsunsa ya kwashe abin da suka koya ba. Kuma wa ya ce sai ya zana wata fuskar? Ke ce kika koya mini aikinku a wasiƙarki. Ƙyallen Hibashi baƙi ne. In ƙyallen bai faɗi ba, ba a bukatar sabuwar fuska, ana bukatar ɗan gicciye da fensir da wadda za ta cike. Don haka uzurin hannu ya faɗi.

Ga abin da nake ba ki shawara. Kada ki jira sha huɗu ga wata, ranar kowa zai kasance a rikice. Ki ce masa zuwa ranar bakwai ya sa Kurahashi ya dawo da ainihin shafin. Ya zana iyakar ƙyallen a kan fuskar da hannunsa, ya sa gicciyen, ya miƙo miki kamar yadda ya saba miƙo kowane shafi shekara ashirin da bakwai. Wannan shi ne cika alkawarinsa, kuma iyakar abin da ke kansa ke nan. In ya ƙi, kin sami amsarki, kuma ba zan hana ki komai ba. In ya miƙo, shafin ya zama naki, da buroshi, da mako guda. Ki cike, babu mai cewa kin yi zalunci. Ki bari, babu mai cewa an ci da ke, don wannan karon tambayarki aka yi.

Kafin ki tsoma buroshin, ki sake karanta wasiƙarki. Yaran da ke laɓewa bayan kanta layi biyu kika ba su, kuma za su sami wani abin dariyar kafin sabuwar shekara. Amma da kika zo kan gadar, kan matar da ke ɗaure igiya tana canza katako kowa ya haye bai tambayi sunanta ba, sai alƙalaminki ya kama da wuta. Ba na jin a kan Hibashi kike wannan faɗan. Kin ce ba ki taɓa neman sunanki a littafi ba, sannan kika ƙara da cewa ko haka kike gaya wa kanki. Yarinya mai shekara ashirin da bakwai ce ta sa wancan sharaɗin, kuma ta yi daidai a lokacinta. Mace mai hamsin da huɗu tana da ikon ta sake duba shi. In kina son sunanki a shafin ƙarshe na littafi na ashirin da uku, a matsayin mai cike baƙi kuma mai gyaran magana, ki faɗa da bakinki. Wannan daban, fuska daban. Kina iya karɓar ɗaya ki hana ɗaya. Mai yin murya kuwa ta nemi muryarta a wani wurin.

Shikoku kuma ki je, ko ya sa gicciyen ko bai sa ba. Kada ki mayar da burin shekara ashirin da huɗu sandar dukan miji, zai lalata miki tafiyar. Kin yi jinya shekara biyu ba hutu, kin cancanci hanya da iska da abincin da wani ya dafa. Ki kira Haruka ki gaya mata komai, ta riƙa leƙa mahaifinta. Kurahashi ya nemo mai cike baƙi na wata biyu, aikinsa ne. In Nuwamba ta yi wa gwiwarki sanyi, ki yi rabi yanzu ki ƙarasa da bazara, wuraren ba gudu za su yi ba.

Ina yi wa Malam fatan hannu mai ƙarfi da baki mai saurin tambaya. Ke kuma ina yi miki fatan barcin nan mai daɗi ya ɗore, takalmi ya saki, hanya ta yi sauƙi. In ya miƙo shafin ya ba da haƙurin da bai kai ba, kin san kalmar da za ki faɗa masa.

Shizue